Lissafin Yawan Ruwa a Tankin da Yake Kwance da Kalmomin Koyar da Shi da Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake gano yawan ruwan da ke cikin tanki mai siffar silinda wanda aka kwantar da shi, alhali bai cika ba, tare da duba kalmomin da malami zai buƙata idan zai yi wannan bayani da Hausa. A duk inda muka ce ruwa a nan, muna nufin kowane abu mai ruwa-ruwa, ko fetur ne, ko kananzir, ko man dizal, ko ruwan sha.

Irin wannan tanki ba baƙo ba ne a wurin ɗalibanmu. Shi ne yake binne a ƙarƙashin ƙasa a gidajen mai, shi ne tankin dizal da ke kusa da janareta a makarantu da asibitoci, kuma shi ne duron da mai sayar da kananzir yakan kwantar a kan katako. A yawancin waɗannan wurare da sanda ake awo: a zura ta ta bakin tanki har ta taɓa ƙasa, a zaro, a duba inda ta jiƙe. Abin da sanda take faɗa shi ne zurfi, amma abin da ake saye da sayarwa shi ne lita. Tsakanin waɗannan biyun akwai lissafi, kuma duk kayan aikinsa suna cikin manhajar lissafi ta babbar sakandare, a darasin awon sassan da'ira wanda hukumomin WAEC da NECO suke yin tambaya a kansa. Sai dai galibi akan koyar da shi ne a matsayin zane a kan allo, ɗalibi ya haddace ƙa'ida ya wuce, ba tare da ya san cewa wannan zane shi ne bakin tankin da yake gani kullum ba.

2.0 Inda Kuskuren Yake

Idan duro yana tsaye, kowace santimita ta zurfi tana ɗauke da ruwa daidai da 'yar'uwarta, domin faɗin cikin duron ɗaya ne tun daga gindi har baki. Rabin zurfi rabin ruwa ne, rubu'in zurfi rubu'in ruwa ne. Da zarar an kwantar da duron, wannan daidaito ya tafi. Can ƙasa cikinsa a tsuke yake kamar kwale-kwale, yana buɗewa har ya kai iyakar faɗinsa a tsakiya, daga nan kuma ya riƙa tsukewa zuwa sama.

Bari mu ɗauki tanki guda wanda za mu yi ta komawa gare shi. Diyamitarsa mita 2 ce, tsawonsa mita 5, kuma ƙarshensa biyu shafaffu ne kamar murfin gwangwani. Idan ya cika yana cin mita kubik 15.708, wato lita 15,708, tun da mita kubik ɗaya lita 1,000 ce. A wannan tanki santimita ta farko daga ƙasa ba ta wuce lita 9 da 'yan kai ba. Idan ruwa ya kai zurfin santimita 10, ƙarin santimita ɗaya yana daidai da kusan lita 44. A zurfin santimita 50, kusan lita 87 ne. A tsakiya kuwa, santimita ɗaya lita 100 ce cif. Wato ke nan, ratar da ke tsakanin zane biyu a jikin sanda iri ɗaya ce ga ido, amma ruwan da take wakilta yana iya ninka kansa sau goma.

Mutumin da ya zura sanda ya ga ta jiƙe santimita 50, wato rubu'in diyamita, idan ya yi lissafi irin na duron da ke tsaye zai ce akwai lita 3,927. Ainihin abin da ke ciki lita 3,071 ne. Bambancin lita 856 ne, fiye da jarka 34 mai cin lita 25. Idan dizal ɗin makaranta ne, akwai mai gadi ko mai kula da janareta da za a tuhuma da man da tun asali babu shi. Idan kuma zurfin ya haura tsakiya, kuskuren sai ya juya: a santimita 150 irin wannan ƙiyasi zai ba da lita 11,781 alhali akwai 12,637, sai a sayo man da ya fi gurbin da ya rage, ya malale.

Abin da ya sa wannan kuskure yake da wuyar kamawa shi ne, ƙiyasin yana dacewa da gaskiya a wurare uku: lokacin da tanki ya zama wayam, da lokacin da yake rabi, da lokacin da ya cika. Waɗannan kuwa su ne wuraren da mutum ya fi gwadawa. Kuskuren ya fi girma ne idan zurfi yana wajen kashi 19 cikin 100 na diyamita, ko kashi 81, inda yake kai kusan kashi 5.8 cikin 100 na dukkan cin tankin.

2.1 Rabon Harshe a Cikin Kuskuren

Akwai kalmomi uku da ya kamata malami ya tsaya a kansu kafin ya taɓa alli. Ta farko ita ce tsawo. Bahaushe yana cewa tsawon mutum, yana kuma cewa tsawon igiya, wato kalmar tana ɗaukar abin da ya miƙe sama da abin da ya miƙe a ƙasa. A duron da ke tsaye, zurfin ruwa yana bin tsawon duron. A wanda ke kwance, zurfi ya rabu da tsawo, ya koma yana bin diyamita. Ɗalibin da bai lura da wannan sauyi ba zai ɗauki ƙa'idar da ya sani ta silinda, ya sa zurfi a gurbin tsawo, ya fito da amsar da ba ta da alaƙa da tankin. Saboda haka muna ba da shawarar a keɓe tsawo ga nisan da ke tsakanin ƙarshen tanki biyu ko yaya aka ajiye shi, a bar zurfi ga abin da sanda take aunawa kawai.

Ta biyu ita ce faɗi. A maganar yau da kullum tana iya nufin nisa daga gefe zuwa gefe, tana kuma iya nufin girman fili, kamar a ce gona mai faɗi. A wannan darasi ana buƙatar ma'anonin biyu a jimla guda, don haka muka yi amfani da fili ga abin da ake aunawa da murabba'in mita, muka bar faɗi ga abin da ake aunawa da mita. Diyamita da radiyos kuwa mun are su yadda suke, domin sun riga sun zauna a bakin malamai da masu walda.

Ta uku ita ce kwata ko rubu'i. Idan aka ce tanki ya koma kwata, kwatan me? Na zurfi ko na ruwa? A tankin da ke tsaye tambayar ba ta da amfani, tun da amsar ɗaya ce. A wanda ke kwance, abubuwa biyu ne daban. Hausa tana da hanyar rarrabewa cikin sauƙi: kwatan zurfi da kwatan cin tanki. Kalmar ci a nan ta 'yan kasuwa ce, su ne suke cewa duro yana cin lita ɗari biyu, kuma ba mu ga dalilin da zai sa a ƙirƙiro wata a bar ta ba.

3.0 Baka da Tsirkiya da Kibiya

Idan aka dubi tankin ta ƙarshensa, da'ira ake gani. Saman ruwa miƙaƙƙen layi ne da ya ratsa da'irar daga gefe zuwa gefe. Ƙarƙashinsa akwai lanƙwasar jikin tanki da ruwan ya taɓa. Siffar da ta fito ita ce ta bakan maharbi wanda aka ɗaura wa tsirkiya, zurfin ruwa kuwa shi ne layin da ya tashi daga tsakiyar tsirkiya zuwa tsakiyar baka, daidai inda ake ɗora kibiya.

Wannan kamance ba mu ne muka fara ganinsa ba. Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza, ya rubuta littafinsa na Aljabru wal Muƙabala wajen shekara ta 820, kuma a babin awon filaye ya yi amfani da kalmomin ƙaus da watar da sahm, wato baka da tsirkiya da kibiya. Hanyar da ya bayar ta gano filin da ke tsakanin baka da tsirkiya ita ce dai wadda za mu bi a nan gaba kaɗan. A Latin ana cewa arcus da chorda da sagitta, na farko baka ne, na ƙarshe kibiya, na tsakiya kuwa ya samo asali daga kalmar Girkanci mai nufin igiyar abin kiɗa. Abin sha'awa, tsirkiya ma a Hausa tana ɗaukar ma'anar ta baka da ta molo ko garaya. Tsohon littafin lissafi na ƙasar Sin mai babi tara shi ma da tsirkiya da kibiya ya kira waɗannan layuka. Hatta kalmar da ake taƙaitawa da sin a lissafin kusurwoyi, asalinta kalmar Sanskirit ce mai nufin tsirkiya, wadda ta bi ta Larabci kafin ta isa Turai.

Ɗalibin da ya gamu da waɗannan kalmomi a Ingilishi, sunaye uku ne kawai a wurinsa waɗanda babu abin da ya haɗa su. Wanda aka ce masa baka da tsirkiya da kibiya, ya riga ya san wanne ne lanƙwasasshe, wanne ne miƙaƙƙe, kuma ya san kibiya a tsakiya take zama, tana yin kusurwar digiri 90 da tsirkiya. Rabin zanen ya samu tun daga sunayen. Bugu da ƙari, Hausa ta daɗe da faɗaɗa ma'anar baka zuwa ga siffa. Akwai bakan gizo na sararin sama, magina suna kiran lanƙwasasshen ginin da ke riƙe da rufin soro da wannan suna, kuma a ƙa'idojin rubutu muna da baka biyu. Wani zai ce kalmar za ta rikice da baka ta adabin baka, tun da rubutunmu ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Muna ganin wannan ƙaramar matsala ce, domin da wuya ma'anonin biyu su haɗu a darasi guda.

Saura sunaye biyu. Filin da ke tsakanin baka da tsirkiya mun kira shi cikin baka. Filin da ake samu idan aka ja layi biyu daga cibiyar da'ira zuwa ƙarshen baka biyu kuwa mun kira shi tsagi. Waɗannan biyun shawara ce tamu, kuma kwamitin daidaita kalmomi yana iya samun waɗanda suka fi su.

4.0 Yadda Ake Lissafin

Tun da siffar ruwan ɗaya ce daga wannan ƙarshe na tanki zuwa wancan, yawan ruwa shi ne filin cikin baka sau tsawon tanki. Duk aikin yana wajen gano wannan fili. Mun bar haruffan r na radiyos da h na zurfi da L na tsawo yadda suke a littattafan jarrabawa, domin sauya su zai ƙara wa ɗalibi nauyi ne kawai ranar da ya shiga zauren jarrabawa.

A ja layi daga cibiyar da'ira zuwa kowane ƙarshe na tsirkiya. An sami tsagi, wanda ya ƙunshi abu biyu: alwatika a sama, tsininta a cibiya, gindinta tsirkiya, sai kuma cikin baka a ƙasa. Don haka cikin baka shi ne tsagi a debe alwatika.

Nisa daga cibiya zuwa saman ruwa shi ne r − h. Wannan layi ya raba alwatikar gida biyu, kowanne yana da kusurwar digiri 90, kuma gefensa mafi tsawo shi ne r. Idan kusurwar da ke cibiya ita ce θ, to:

cos (θ/2) = (r − h) / r

Filin tsagi = (θ/360) × πr²

Rabin tsirkiya = √(2rh − h²), daga ƙa'idar Faisagoras

Filin alwatika = (r − h) × rabin tsirkiya

Yawan ruwa = (filin tsagi − filin alwatika) × L

A tankinmu r mita 1 ce, h kuma mita 0.5. Saboda haka cos (θ/2) = 0.5, rabin kusurwar digiri 60 ne, θ kuma digiri 120, wato sulusin da'ira. Filin tsagi murabba'in mita 1.0472 ne. Rabin tsirkiya √0.75 ne, wato 0.8660, filin alwatika kuma 0.5 × 0.8660 = 0.4330. Idan aka debe, saura 0.6142. A ninka da 5, an sami mita kubik 3.071, wato lita 3,071 da muka ambata a baya. Wannan misali ya dace da fara darasi domin kusurwarsa tana fitowa ba tare da kalkuleta ba.

Idan ruwa ya wuce rabi, cibiya takan nutse, alwatikar ta koma cikin ruwa, sai ya zama ƙara ta za a yi. Ƙa'idar tana gyara kanta, tun da r − h ya zama ƙasa da sifiri, amma a nan ne ɗalibai sukan ruɗe da alamar debewa. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a lissafa gurbin da babu ruwa, wanda shi ma cikin baka ne a kife, a debe shi daga cin tanki. A zurfin santimita 150 gurbin da ya rage zurfinsa santimita 50 ne, don haka 15,708 − 3,071 = 12,637.

4.1 Jadawali Guda ga Kowane Tanki

Kason ruwan da ke cikin tanki ya dogara ne kawai ga kason zurfi a kan diyamita, babu ruwansa da girman tankin. Saboda haka jadawali ɗaya ya ishi duro da tankin gidan mai. Lambar farko kason zurfi ce cikin 100, ta biyu kason cin tanki:

10 — 5.2
20 — 14.2
25 — 19.6
30 — 25.2
40 — 37.4
50 — 50.0
60 — 62.6
70 — 74.8
75 — 80.4
80 — 85.8
90 — 94.8

Ya kamata a bar ɗalibai su gano da kansu cewa lambar 10 da ta 90 idan aka haɗa su 100 ne, haka ta 20 da ta 80. Idan aka zana jadawalin a takardar giraf, layin yana fitowa da siffar harafin S a miƙe, yana ratsa miƙaƙƙen layin ƙiyasi a tsakiya.

4.2 Gajeriyar Hanya

Ga wanda bai kai ga lissafin kusurwoyi ba, akwai ƙiyasi mai kyau wanda tsirkiya da kibiya kawai yake buƙata. Idan c ita ce tsawon tsirkiya duka, filin cikin baka yana kusa da (2/3)ch + h³/(2c), muddin ruwa bai wuce rabi ba. A misalinmu c = 1.732, ƙiyasin ya ba da 0.6134 a maimakon 0.6142, wato bambancin da bai kai lita 4 ba a tankin duka. Ko a inda ya fi kaucewa, wato a daidai rabi, kuskurensa bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Ƙa'idar littafin Sin da muka ambata, wato rabin (ch + h²), ta ba da 0.558 a wannan misali, kuma kwatanta ta da sauran biyun aiki ne mai amfani ga aji.

5.0 Tambayar da Aka Juya

Mai tanki yakan yi wata tambaya daban: a ina zan yi zane a sandata don in san inda lita 1,000 take, da 2,000, da 3,000? A nan yawan ruwa aka sani, zurfi ake nema. Malami ya sani tun da wuri cewa wannan ba ta warwaruwa ta hanyar juya ƙa'ida irin ta aljabra, domin θ tana fitowa sau biyu, sau ɗaya ita kaɗai, sau ɗaya a cikin sin. Irin wannan matsala ce Johannes Kepler ya ci karo da ita a littafinsa na 1609 wajen lissafin tafiyar duniyar Mirriku, kuma ma'aunin da ake kira da sunansa ɗan'uwan namu ne na kusa.

Abin yi shi ne gwaji da gyara. Alal misali, ana son zurfin da ya yi daidai da kwatan cin tanki. Jadawali ya nuna kashi 30 na zurfi ya ba da 25.2, ya ɗan wuce. A gwada 29, zai gaza. Amsar tana wajen 29.8, wato a tankinmu santimita 59.6, kusan santimita 10 sama da inda ido yake zato. Sandar da aka zana ta wannan hanya, zanenta a ware suke a ƙasa da sama, a matse a tsakiya. Duk sandar tankin kwance da aka ga an rubuta mata lita a tazara iri ɗaya tun daga ƙasa har sama, abin tuhuma ce.

6.0 Tankin Allo da Tankin Gaske

Bai kamata ɗalibi ya fita daga aji yana zaton ƙa'idar ta gama komai ba. Manyan tankuna da yawa ƙarshensu a kumbure yake kamar ƙwarya, domin ya fi jure matsi, kuma ruwan da ke cikin kumburin ƙari ne a kan lissafinmu. Idan kowane ƙarshe rabin ƙwallo ne cikakke, biyun sun haɗa ƙwallo guda, kuma ruwan da ke cikinsu shi ne πh²(3r − h)/3. Da tankinmu yana da irin wannan ƙarshe, da an ƙara lita 654 a zurfin santimita 50.

Sai karkata. Idan wani ƙarshe na tankin ya fi ɗayan nutsewa da santimita 5 kawai, awon da aka yi a ƙarshe zai bambanta da na tsakiya da santimita 2.5, wanda idan tanki yana rabi lita 250 ne. Awon da aka yi a tsakiyar tsawo shi ya fi kusa da gaskiya, domin abin da ya ƙaru a wannan gefe kusan shi ne ya ragu a wancan. Sai kaurin ƙarfe: wanda ya zagaya tef ta waje ya raba da π, diyamitar waje ya samu. Idan kaurin milimita 6 ne, dole a debe milimita 12, in ba haka ba an ƙara wa tankinmu lita 189 da ba ya ci. Zafi ma yana da nasa rabo, domin fetur yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin 1,000 a kowane digiri ɗaya na ma'aunin Salsiyos, shi ya sa a babban cinikin mai ake mayar da awo zuwa digiri 15. Muhawarar da malamai suka saba yi a kan 22/7 da 3.142 kuwa, a tankinmu duka lita 6 ce ta raba 22/7 da ainihin π.

Saboda waɗannan dalilai ne kowane tankin kasuwanci yake da jadawalin awonsa na kansa, wanda ƙwararru suke haɗawa bayan sun auna shi, kuma akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta wannan aiki mai lamba ISO 12917. Ɗaukar sandar wani tanki ko jadawalinsa a auna wani da shi kuskure ne, sai fa in girmansu da ƙirarsu ɗaya ne. Tankokin mota da yawa kuma bakinsu ba da'ira ba ne, a ɗan baje yake kamar ƙwai. Idan siffar cikakkiyar elifs ce, jadawalin kaso na sashe na 4.1 yana aiki yadda yake, domin elifs da'ira ce da aka ja ta gefe, kuma jan yana ƙara wa kowane mataki na zurfi faɗi da kaso iri ɗaya.

7.0 Gurbin Darasin a Manhaja

Muna ganin a raba batun hawa biyu. A ƙaramar sakandare ba a buƙatar ƙa'ida ko ɗaya. A samo gorar roba mai miƙaƙƙen jiki wadda ake ganin cikinta, a kwantar da ita, a huda ta sama, a riƙa zuba ruwa da murfi ko ƙaramin kofi iri ɗaya, ana yin zane a jikin tsinken da aka zura bayan kowane zubi. Ɗalibai za su ga zanen suna matsewa a tsakiya. Inda babu gora, a zana da'ira mai diyamita santimita 20 a takardar giraf, a ƙirga murabba'an da ke ƙarƙashin kowane layi. Ƙirgar za ta fito kusa da jadawalinmu, kuma ɗalibin da ya haɗa jadawali da hannunsa ba zai yi gardama da shi ba. Ƙa'idar tsagi da alwatika sai ta zo a babbar sakandare, nan da nan bayan darasin filin sassan da'ira, ta bayyana abin da aka riga aka gani.

Ga malaman da suke koyar da Hausa a matsayin harshe na biyu, batun yana da wani amfani. Yana ɗauke da a tsaye da a kwance da a kife da a karkace, da kalmomin kaso irin su rabi da sulusi da rubu'i, da jimlolin sharaɗi masu farawa da idan, duk a cikin zance guda mai ma'ana. Ana iya gina darasin fahimtar karatu a kansa ko da ba a shiga lissafin ba.

Wajen tsara tambaya, a guji cewa tanki yana da ruwa kwata ko ya kai sulusi. A faɗi diyamitar ciki, da tsawo, da zurfi, da siffar ƙarshen tanki. Ga samfuri: wani tankin dizal yana kwance daidai ba tare da karkata ba, ƙarshensa biyu shafaffu ne, diyamitar cikinsa mita 2.4, tsawonsa mita 6. An zura sanda ta jiƙe santimita 90. Lita nawa ne a ciki, kuma da lita nawa wanda ya raba zurfi da diyamita ya ninka da cin tanki zai kauce?

A nan r = 1.2, r − h = 0.3, cos (θ/2) = 0.25, θ kuma digiri 151.04. Filin tsagi 1.8981, rabin tsirkiya 1.1619, filin alwatika 0.3486, cikin baka 1.5495, yawan mai lita 9,297. Cin tankin lita 27,143 ne, kashi 37.5 cikin 100 nasa kuwa 10,179, don haka mai ƙiyasi ya ƙara lita 882. Gajeriyar hanyar sashe na 4.2 tana ba da lita 9,307. A tsarin ba da maki, muna ba da shawarar a ware kaso na musamman ga zanen da ɗalibi ya nuna baka da tsirkiya da kibiya a gurabensu, domin daga zanen ne mai dubawa zai gane ko ɗalibin ya sa zurfi a kan diyamita ko ya kai shi kan tsawo.